“A Ƙara Min Haske”: Yadda Gyaran Hoto a Kwamfuta Ke Fito da Fuskokinmu, da Yadda Yake Shafe Su

Duk mai sana'ar ɗaukar hoto a Kano, Kaduna, Zinder ko Maraɗi ya san wannan tsaka-mai-wuya. Ango ya sha farar shadda wadda aka yi wa aiki a wuya da ƙirji, ya tsaya a tsakar gida rana na bisa kai. Idan mai hoto ya saita kyamararsa don aikin rigar ya fito, sai fuskar ango ta nutse cikin duhu. Idan kuma ya saita ta don fuskar ta fito, sai rigar ta ƙone ta zama farin fili, aikin da aka biya maɗinki kuɗi masu yawa a kansa ya ɓace gaba ɗaya. Daga nan babu abin da ya rage sai komawa gaban kwamfuta.

A can ne ake yin rabin aikin, rabin da masu biki ba sa gani. Abin da suke faɗa dai bai wuce kalmomi uku ko huɗu ba: “a ƙara min haske.” Da yawa daga cikin matasan da suka shigo sana'ar sun ɗauki wannan buƙata da cewa a ja maɓalli ɗaya zuwa dama har fatar mutum ta sauya. Shi ya sa kundin hotunan biki, fostocin 'yan takara da shafukan Instagram suka cika da fuskokin da aka ɗauraye, babu inuwa, babu sheƙi, har dangi su tsaya suna tambayar wace ce wannan. Alhali gyaran haske ilimi ne mai ma'auni da tarihi, kuma manufarsa ita ce a maido wa hoto abin da ido ya gani a wurin, wanda kyamara ta gaza kamawa.

Ido na gani, kyamara na ƙiyasi

Idon ɗan Adam yana daidaita kansa a kowane lokaci. Ka dubi rigar ango, ƙwayar idonka ta tsuke. Ka dubi fuskarsa a ƙarƙashin hula, ta buɗe. Ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa maka su wuri guda ba tare da ka lura ba. Kyamara ba ta da wannan dama. Sau ɗaya take buɗe ido, kuma akwai iyaka ga tazarar da za ta iya ɗauka tsakanin wuri mafi duhu da wuri mafi haske. Masu hoto suna auna wannan tazara da mataki-mataki, kowane mataki ninkin hasken na ƙasa da shi ne. Kyamarori masu kyau na yanzu suna kama matakai kamar 12 zuwa 14. Takardar da ake buga hoto a kai ba ta kai haka ba ko kusa. Ranar ƙasarmu kuwa, tsakanin hantsi da azahar, tana iya wuce abin da kyamara za ta ɗauka idan aka haɗa farin tufafi da inuwar zaure a hoto guda.

Akwai kuma matsala ta biyu. Na'urar auna haske da ke cikin kyamara an gina ta ne a kan zaton cewa idan aka cakuɗa duk abin da ke gabanta, zai ba da launin toka na tsaka-tsaki, wanda ke mayar da kimanin kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Idan fararen riguna suka cika wuri, kamar a filin idi ko wajen ɗaurin aure, kyamara takan ɗauka hasken ya yi yawa, sai ta rage. Fararen rigunan su koma toka-toka, fuskoki kuma su ƙara duhu. Kyamarar ta bi lissafinta daidai, sai dai lissafin bai san farar shadda ba.

Daga ɗakin duhu zuwa allon kwamfuta

Gyaran haske ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A zamanin fim, mai wanke hoto a ɗakin duhu yakan kare wani sashe na takarda da hannunsa ko da guntun kwali don kada haske ya yi masa yawa, ya kuma bar wani sashen ya daɗe a ƙarƙashin fitila don ya ƙara duhu. Wajen shekarar 1940, wasu masu hoto biyu a Amurka, Ansel Adams da Fred Archer, suka tsara wannan aiki bisa ƙa'ida. Sun raba launi daga baƙi ƙirin zuwa fari fat gida 11, daga sifili zuwa goma, gida na biyar shi ne tokar tsakiya. Mai hoto zai yanke shawara tun kafin ya danna cewa wannan dutse zai zauna a gida kaza, wannan gajimare a gida kaza. Shahararren hoton Adams na fitowar wata a garin Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941, ya yi shekaru yana sake buga shi, kuma bugun baya-bayan sun fi na farko duhun sararin sama sosai. Fim ɗin ɗaya ne, hannun mai gyara ne ya sauya.

A 1987 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Michigan, Thomas Knoll, ya rubuta 'yar manhaja don nuna hotuna masu launin toka a allon kwamfutar da ba ta san komai ba sai baƙi da fari. Ɗan'uwansa John, wanda ke aiki a kamfanin haɗa dabarun fim na Industrial Light & Magic, ya ga amfaninta, suka haɗa kai suka faɗaɗa ta. Mahaifinsu yana da ɗakin wanke hoto a gida, don haka Thomas ya taso da sanin aikin. Kamfanin Adobe ya karɓi manhajar, ya fitar da ita da sunan Photoshop a watan Fabrairun 1990. Daga baya wasu suka biyo: GIMP, wadda kyauta ce, a 1996, Lightroom a 2007, Snapseed ta wayar hannu a 2011, wadda Google ya saya a 2012. Sunaye sun bambanta, amma duka a kan tushe guda suke aiki.

Jadawalin da ba ya ƙarya

Tushen nan shi ne lamba. Hoton dijital tarin ƙananan ɗigo ne, miliyoyinsu, kuma a hoton JPEG kowane ɗigo yana da lamba daga 0 zuwa 255 a launuka uku: ja, kore da shuɗi. Sifili baƙi ne ƙirin, 255 kuma cikar haske. Tokar tsakiya da aka ambata tana faɗowa wajen 118.

A ɗauka an jera ƙwarya 256 daga hagu zuwa dama, ta farko ta baƙi ƙirin, ta ƙarshe ta fari fat, sannan aka ɗauki kowane ɗigo na hoton aka jefa shi a ƙwaryar da ta dace da haskensa. Wata za ta cika ta yi tozo, wata ta tashi babu komai. Zanen tudu da kwarin da wannan ya haifar shi ake kira histogiram, kuma kusan kowace manhajar gyaran hoto tana nuna shi, haka ma bayan kyamara.

Wanda ya iya karanta shi ya gama rabin aiki. Idan tudun ya taru a hagu, hoton ya yi duhu. Idan ya taru a dama, haske ya yi yawa. Idan ya dunƙule a tsakiya ya bar gefe biyu fayau, hoton ya dushe, babu baƙi na gaske babu fari na gaske. Abin tsoro shi ne a ga tudun ya manne da bangon dama ko na hagu ya miƙe tsaye. Ma'anarsa dubban ɗigo sun zama 255 ko sun zama sifili, kuma duk abin da ke wurin ya tafi. Zaren aikin riga da ya kai 255 a launuka ukun babu manhajar da za ta dawo da shi. In an rage haske, sai dai farin filin ya koma tokar fili.

Babu wata siffar histogiram da ake cewa ita ce daidai. Hoton da aka ɗauka da dare dole tudunsa ya karkata hagu. Amfanin jadawalin shi ne ba ya ruɗuwa kamar yadda ido ke ruɗuwa. Mai gyara a waya da ya ƙure hasken allonsa zai ga hoto ya yi kyau, sai an buga a takarda ya fito da duhu. Allon ne ya yaudare shi, da ya dubi jadawali da ya gani tun da wuri.

Kayan aiki uku

Mafi sauƙi shi ne maɓallan nan biyu da kowa ya sani, na haske da na bambancin haske da duhu. A tsohon tsarin Photoshop, ƙara haske na nufin a ƙara lamba ɗaya a kan kowane ɗigo, mai duhu da mai haske baki ɗaya, don haka baƙi ya koma toka, fari kuma ya ƙone. Adobe ya gyara wannan lissafi a fitowar CS3 ta 2007, amma har yau maɓallin bai san bambancin fuska da riga ba. Duk hoton yake ɗagawa.

Na biyu shi ne wanda Photoshop da GIMP suke kira Levels. Yana nuna histogiram, da 'yan alamomi uku a ƙarƙashinsa: baƙa a hagu, fara a dama, mai toka a tsakiya. Ɗauki hoton birnin Kano daga kan Dutsen Dala a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ya rufe gari. Ƙura ta cinye baƙi ta cinye fari, a ce duk hoton ya taƙaita tsakanin 40 da 200. Sai a jawo baƙar alama daga sifili zuwa 40, inda tudun ya fara, a jawo farar daga 255 zuwa 200, inda ya ƙare. Nan take manhaja ta shimfiɗa abin da ke tsakani ya cika zangon gaba ɗaya, rufin kwano ya yi ƙyalli, lunguna su yi zurfi, minarori su rabu da sararin sama. Alamar tsakiya kuma tana ɗaga ko sauke launukan tsaka-tsaki ba tare da ta taɓa gefe biyun ba. A Photoshop, in aka danne maɓallin Alt yayin jan alamar gefe, allon zai nuna daidai wuraren da suka fara ƙonewa ko toshewa, sai a tsaya kafin nan. Sai dai a tuna hazo ma gaskiya ne. Wanda ya share shi tas ya mayar da Janairu ta zama Agusta.

Na uku, Curves, shi ne na ƙwararru. Layi ne da ya tashi daga kusurwar hagu ta ƙasa zuwa ta dama ta sama, kuma ana iya kafa masa ɗigo a ko'ina a lanƙwasa shi. Inda aka ɗaga, wannan sashe na launi ya ƙara haske. Inda aka sauke, ya ƙara duhu. Inda layin ya yi tsaye sosai, bambanci ya ƙaru. Abin da aka fi koya wa masu farawa shi ne su lanƙwasa shi kamar harafin S: a ɗaga sama da tsakiya, a sauke ƙasa da tsakiya.

A nan ne ya kamata mai hoton ƙasar Hausa ya buɗe ido. Farar fata tana zama sama da tokar tsakiya, don haka lanƙwasar S tana ƙara mata haske. Fatar yawancinmu tana zama a tsakiya ko ƙasa da ita, wato daidai sashen da wannan lanƙwasa take dannewa. Shi ya sa saitunan da ake saukewa daga intanet, waɗanda aka gwada a kan fuskokin Turawa, suke toshe fuskokinmu, sannan mai gyara ya rama ta hanyar ƙure haske har fatar ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka. Hanyar da ta fi ita ce a fara danna kan kumatu ko goshi a ga inda fatar ta faɗo a layin, a kafa ɗigo a nan don kada ta motsa, ko a ɗaga ta kaɗan, sannan a nemi zurfin baƙi a ƙasa da ita, a cikin gashi da inuwar tufafi.

Hoton ango mai farar shadda kuwa gyara biyu yake buƙata, domin matsala biyu ce. A sauke wuraren haske har zaren aikin ya bayyana. Sannan a zaɓi fuska da hannaye su kaɗai, da burushi ko da zaɓin da manhaja ke yi da kanta, a ɗaga inuwarsu a hankali. A bar sheƙin goshi da na karan hanci, domin shi ke ba fuska siffa. Baƙar fata da aka goge wa sheƙi takan zama shafaffiya. A kuma lura da launi, saboda inuwar da aka ɗaga da yawa takan yi ɗigo-ɗigo ta karkata zuwa kore ko shuɗi. Tun fitowar Photoshop ta 4 a 1996 ake iya yin duk wannan a kan shimfiɗar gyara ta daban, asalin hoton na nan ba a taɓa shi ba, in an yi kuskure a koma baya.

Abin da ba a ɗauka ba, ba a gyara shi

Yawan gyaran da hoto zai jure ya danganta da irin fayil ɗinsa. JPEG matakai 256 kawai gare shi a kowane launi. In aka ja shi da ƙarfi, sai giɓi ya bayyana a histogiram, sararin sama ya yi layi-layi maimakon ya sauya a hankali. Fayil ɗin RAW, wato ɗanyen abin da kyamara ta ɗauka, yana da matakai 4,096 ko 16,384, don haka akwai sararin dawo da inuwa da haske fiye da yadda JPEG zai bari. Mai ɗaukar biki da kyamararsa ke da RAW amma ya ƙi amfani da shi don tsimin katin ajiya, ya ɗaure hannun kansa. Haka nan hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, an matse shi an zubar da wani sashe na bayanansa. In don gyara ko bugawa ne, a tura shi a matsayin fayil.

Mafi arhar gyara kuma ita ce wadda ake yi kafin a danna. A matsa da mutane inuwar bishiya ko bakin zaure. A jira la'asar in da hali. A sa yaro ya riƙe farin kwali ko farin zane yana mayar da haske kan fuska. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, da Malick Sidibé, wanda ya karɓi lambar Zakin Zinariya a bikin baje kolin fasaha na Venice a 2007, ba su da kwamfuta. Amma a hotunansu za ka ga baƙar fata da cikakken launinta kusa da farar riga da duk ninkinta. Sanin haske ne ya ba su wannan.

Katin Shirley

Wahalar ɗaukar baƙar fata tana da tarihi a masana'antar kanta. Daga shekarun 1950, kamfanin Kodak yana raba wa wuraren wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Da shi ake saita injin: in fatarta ta fito daidai, an ɗauka komai ya yi daidai. Lorna Roth ta Jami'ar Concordia da ke Kanada, a binciken da ta wallafa a 2009, ta nuna cewa cikin abubuwan da suka matsa wa kamfanin ya inganta yadda fim ɗinsa ke kama launukan ƙasa-ƙasa har da koken masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 Kodak ya fitar da kati mai mata uku masu launin fata daban-daban.

Zamanin waya ya gaji wannan matsala, amma kasuwa ta fara sauya ta. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a China, mai Tecno, Itel da Infinix, ya saita kyamarorin wayoyinsa don su kama baƙar fata, kuma wannan na cikin dalilan karɓuwarsa a Afirka. Google ya fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021, sannan a 2022 ya rungumi ma'aunin launin fata mai matakai 10 na Ellis Monk, malami a Jami'ar Harvard. Abin takaici ne a ce a lokacin da masu ƙera na'urori suka fara koyon ganin fatarmu yadda take, mu ne da hannunmu muke shafe ta a gaban kwamfuta.

Inda gyara ya zama ƙarya

A watan Yunin 1994, mujallun Time da Newsweek suka sa hoto guda a bangonsu, wanda 'yan sanda suka ɗauki O.J. Simpson, baƙar fata ɗan Amurka, bayan kama shi. Newsweek ta bar shi yadda yake. Time ta ƙara masa duhu sosai. Da aka jera mujallun biyu a teburin masu sayar da jarida, kowa ya ga bambancin, aka zargi Time da amfani da duhun fata wajen nuna mutum a matsayin mai laifi, har editanta ya fito ya bayyana nadama.  Haske aka fi taɓawa, kuma ya isa ya sauya saƙon.

Saboda irin wannan ne kafofin labarai suka shata iyaka. Kamfanin dillancin labarai na AP ya yarda da ɗan gyaran haske da launi wanda zai maido da yanayin wurin yadda yake, ya hana abin da ya wuce haka. A gasar World Press Photo ta 2015, an kori kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda sauye-sauyen da aka yi musu, ciki har da ƙara duhu har wasu abubuwa suka ɓace. Ƙa'idojin hoton fasfo na ƙasa da ƙasa su ma suna buƙatar launin fata ya fito yadda yake.

Hoton biki ba hoton jarida ba ne, kuma babu laifi amarya ta so ta fito da kyau a ranarta. Amma garin neman gira kada a rasa ido. A ƙasar da hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta sha gargaɗi kan illar mayukan bilicin ga fata da ƙoda, kowane hoton da aka ɗauraye fuska a cikinsa yana gaya wa yarinyar da ta gan shi cewa launinta aibi ne da ake gyarawa. Mai hoto yana da hannu a wannan tarbiyya, ko ya sani ko bai sani ba.

Masu koyar da sana'ar, a situdiyo ko a manyan makarantu, ya kamata su fara da histogiram kafin su nuna wa yaro kowane saiti na ado. Masu ɗaukar biki su riƙa ajiye asalin fayil, su kuma nuna wa wanda aka ɗauka gyara biyu gefe da gefe, wanda aka daidaita da wanda aka ɗauraye. Mafi yawan masu cewa a ƙara musu haske so suke a ga fuskarsu sarai, kuma wannan ana samun sa ba tare da an sauya musu fata ba. Mu kuma masu zuwa a ɗauke mu, mu tambayi abin da ya dace: a fito da fuska, a fito da aikin riga, a bar mana launinmu. Hotunan da ake ɗauka yau su ne jikoki za su buɗe don su san kamannin kakanninsu, kuma haƙƙinsu ne su tarar da mutanen da suka rayu da gaske.